Filawil na Tagulla da Hannun Daman Baffa

Limawa, Dutse
Farkon Mayu

Hamma Ubaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, da sanyin duwatsun nan da kake yi mana kuri da shi alhali mu zafi yana gasa mu. Dada tana gaishe ka, ka san uwa, ta ce ka rage shayi ka riƙa cin abinci. Malam Arzika direba ya ce zai ɗauki kaya zuwa wajenku, shi ya sa na zauna rubutu, tunda wayarka sai ka hau dutse take shiga, in ta shiga ma rabin maganar iska ce.

Jikin Baffa da sauƙi ta wani wajen, shanyewar ɓarin jikin ta ɗan sake shi. Ƙafar ta dawo, yana zuwa masallaci da sanda, bakin ma ya daidaita. Hannun dama ne ya ƙi. Babban yatsa da manuni da na tsakiya ba sa haɗuwa su riƙe loma. Ka san halin mahaifinmu, ba zai ci da hagu a gaban mutane ba, ba kuma zai yarda a ba shi a baki ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai fita ciyayya ƙofar gida ba. Malam Gaji da sauran maƙwabta suna shimfiɗa tabarma kamar kullum, suna bar masa gurbinsa, shi kuwa yana ɗaki ya saki labule. Dada ta ajiye kwano ta fito, kwanon ya dawo kusan yadda ya shiga. Rigunansa duk sun yi masa yawa. Likitar gashin ƙashi ta ce in ba a motsa yatsun nan kullum a 'yan watannin nan ba, a haka za su sandare. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jariri ba ne. Ƙwallon yana ƙarƙashin gado.

Sai kuma wata tambaya, kada ka tashi hankalinka. Na buɗe akwatin motarka ta tsere, mai rimot ɗin nan. Na caja batir, tana aiki ƙalau. Matsalar ita ce da an taɓa kunamar totur sai ta zabura, tayoyin baya su tono yashi, ta juya ta dubi inda ta fito. Mai riƙe da rimot ɗin bai kai ga murza sitiyari ba ta riga ta daki bango. Na murɗa ɗan makunnin da ke rage gudu, sai ta koma tafiyar kunkuru, mai tuƙin kuma ya ajiye rimot ya ce ba ya son haka. Abin da nake nema shi ne ta tashi a hankali, amma in ta miƙe ta yi gudunta na asali. Akwai yadda ake yi? Kada ka tambaye ni ko wane ne, an hana ni faɗa, na kuma yi alkawari.

Ka ba Malam Arzika amsa in zai juyo.

Ƙanwarka,
Raihana


Sansanin aikin hanya, bayan Serti
Ƙarshen Mayu

Raihana,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Lafiya lau nake, aiki ne dai ya yi yawa, injinan wuta biyu sun kwanta lokaci guda, ni kaɗai ne kuma a kansu. Ki gaishe da Dada, ki ce mata ina cin abinci. Allah ya ƙara wa Baffa sauƙi. Ki ci gaba da lallaɓa shi kan ƙwallon nan.

Maganar mota kuwa, raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Wa ya ce ki buɗe akwatin? Motar nan ba kayan wasan da ake saya a bakin kasuwa ba ce. Ɗaya bayan ɗaya na haɗa ta, ƙafafunta kaɗai sai da na yi wata ina daidaita su. Yanzu ki ce mini tana dukan bango, kamar labarin wani abin dariya.

Kuma ba sai kin faɗi sunan ba, na san shi. Mutum ɗaya ne a Dutse da zai so motata ta tashi a hankali kan yashi ta kuma riƙe gudunta, shi ne Idirisu. Filin da muke gasa bayan kaka yashi ne, shekara biyu ina barin shi a baya, tun kafin in taho yake lallashina in bar masa ita. Da ya ga ban yarda ba ya biyo ta wajenki, har da sa ki alkawari. Ni kuma in zauna a nan in rubuto masa sirrin gyarana? In yana son zuwa zance gidanmu ya zo ta ƙofa kamar kowa, motata ba ta cikin kayan gaisuwa.

Akwai yadda ake yi, amma ba zan faɗa ba. Ki cire batir, ki goge yashin da ya shiga giya da busasshen burushi, kada ki sa ruwa. Ki mayar da ita akwati, ki sa kwaɗo, ki ba Dada makullin. Duk wanda ya tambaya ki ce mai ita ne ya ce a rufe.

Ki rubuto mini ko Baffa ya fara ci.

Yayanki,
Ubaidullahi


Limawa, Dutse
Ƙarshen Yuni

Hamma,

Salamu alaikum. Muna lafiya, damina ta sauka, su Kawu na Kiyawa sun gama shuka. Na jima ban rubuto ba, da gangan ne. Na bari raina ya huce, bai huce ba, don haka ka karanta a haka.

Na yi abin da ka ce. Na cire batir, na goge, na sa kwaɗo, makulli yana ɗaure a bakin zanin Dada. Mai tuƙin ya tambaya sau ɗaya, na ce masa mai ita ne ya ce a rufe, kamar yadda ka koya mini. Ya ce to, ya juya ya shiga ɗaki ya saki labule. Bai sake tambaya ba.

Baffa ne, Hamma. Idirisu rabona da ganinsa tun azumi, kuma ka daina haɗa ni da shi, na fi ƙarfin mai tsefe gemu a madubin babur.

Ga yadda abin ya faro. Kaji sun dame ni a shanyar gero, na gaji da tashi daga kan keken ɗinki, sai na tuna da motarka. Na riƙa korarsu da ita daga inda nake zaune. Ban san Baffa yana kallo ta gefen labule ba, sai da na kifar da ita a gindin turmi na ji muryarsa yana cewa wanda ya koya mini shan kwana bai kyauta mini ba. Ya fito, ya zauna a kujerar tsakar gida, ya miƙo hannu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikata ba zai iya kallon tuƙin banza ya yi shiru ba. Hagu ta riƙe rimot da kunamar, dama kuma dole ta kama ɗan sitiyarin nan na gefe. Ka tuna da yatsun da ake murza shi? Su ne ukun nan da likita take magana. Na ga goshinsa yana gumi, yatsun suna rawa, amma yana murzawa. Abin da ƙwallon roba ya kasa sa shi, motarka ta sa shi, kullum da hantsi, ba wanda ya roƙe shi. A kwanakin da yake tuƙin har furarsa yake shanyewa.

Sai dai motar ta fi hannun sauri. Da na rage mata gudu ya gane nan take, ya ce an mai da shi abin tausayi, ya ajiye. Shi ya sa na rubuto maka.

Ya hana ni faɗa ne don kai ne ɗan fari. Mutumin da bai taɓa kiran sunanka ba tun da aka haife ka, wanda in ka shigo zaure shi yake fita, kana ganin zai so ka ji cewa yana wasa da motar da ya sha cewa aikin marasa aikin yi ce? Cewa ya yi, "Kada mutumin can ya ji." Na riƙe alkawarin har na ga yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Jiya Dada ta kasa miƙar masa da manunin da za ta yanke masa farce. Ta fito tsakar gida ta yi kuka, ni ma na yi. Na karya alkawarin, Allah ya yafe mini.

Ina jin haushinka, ina kuma jin haushin kaina da ban faɗa tun farko ba. In akwai yadda ake yi, ka faɗa yanzu.

Raihana


Sansanin aikin hanya, bayan Serti
Tsakiyar Agusta

Raihana ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Kada ki ɗauka shiru na yi miki. Ruwa ya cinye hanyar da ke ƙasa da mu, motoci suka tsaya a ƙetare, takardarki ta daɗe a aljihun Malam Arzika kafin ta iso. Da na karanta na hau dutse in kira ki, sabis bai zo ba. Na zauna a can har hazo ya rufe ni. Na yi kuskure, ki yi haƙuri, ki kuma ba Dada haƙuri. Kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Ga abin da za a yi. A cikin ƙunshin nan, a naɗe cikin safa, akwai ɗan faifan tagulla, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Filawil ke nan. Ni na sassaƙa shi a injin sassaƙar ƙarfe na garejinmu, daga wani guntun da aka yar. Aikinsa irin na ƙafar nan ce mai nauyi da ke gefen keken ɗinkinki. Kin san yadda take ƙin tashi da farko sai kin tura ta da tafin hannu, in ta ɗauka kuma ta ci gaba da juyi ko kin ɗaga ƙafa. Haka zai yi wa injin motar. Ko an fizgi kunamar, sai injin ya fara juya nauyin nan kafin ƙarfin ya kai taya. Za ta tashi a natse, ba za ta tono yashi ba, in ta miƙe kuma gudunta yana nan.

Ki cire murfin motar. A kan sandar da ta fito daga inji akwai ƙaramar giya, ki kwance ta da siririn alanki, ɗan makullin notin nan da ke aljihun akwati. Ki fara zura filawil ɗin, sannan giyar. Sandar tana da gefe ɗaya shafaffe, dole ɗan notin da ke ɗaure filawil ya zauna a kan gefen nan, in ba haka ba zai sulluɓe. Kafin ki ɗaure ki ɗiga masa jan farce kaɗan, in ya bushe zai hana shi warwarewa. Tsakanin ƙaramar giya da babbar ki sa guntun takarda ki matse, sannan ki zare takardar, ratar da ta bari ita ce daidai.

Za ki ga notuna shida a zagaye da bakin faifan. Su ne ƙarin nauyin. Ki bar su duka yanzu. In hannu ya ƙara sauri sai a riƙa ragewa, amma biyu biyu, masu kallon juna. In kika cire ɗaya kaɗai zai riƙa girgiza har ya cinye injin.

Abu biyu za su canza. In aka saki kunama ba za ta tsaya nan take ba, za ta ɗan gangara, don haka ki kawar da abin fashewa daga tsakar gida. Injin kuma zai fi ɗaukar zafi. Ki riƙa taɓa shi, in yatsanki ya kasa zama a kai, a huta.

Ki mayar da makunnin gudu inda yake tun asali. Kuma kada ki ce masa na sani. Ki ce a akwatin kika tsinci faifan.

Ubaidullahi


Limawa, Dutse
Farkon Satumba

Hamma Ubaidu,

Salamu alaikum. Saƙo ya iso lafiya, mun gode. Dada ta ce ta haƙura tun kafin ka roƙa. Ni ma na haƙura, saura kaɗan. Gero ya fitar da kai, sauro kuma ya yi mana yawa.

Na ɗaura. Na sha wuya da notin nan mai kama da ƙwayar gero, sau biyu yana faɗa mini cikin yashi, sai da na tankaɗe ƙasar da rariya. Jan farcen Zulaihatu ta maƙwabta na aro, ta tambaye ni ko biki za ni. Na gwada kafin in kai wa Baffa. Gaskiyarka, motar ta zama wata daban. Tana tashi kamar mai ɗauke da tulu a ka, sannan ta miƙe. Gargaɗinka kan abin fashewa ne na manta, randar Dada ta bakin madafa ta tafi.

Ƙarar fashewar ce ta fito da shi. Ya dubi ruwa yana malala, ya dubi motar, ya ce a ba shi. Ya zagaya turmi da ita sau ɗaya, a hankali, bai taɓa komai ba. Ya sake zagayawa. Hannun ya yi tauri sosai saboda zaman da ya yi, da gefen babban yatsa yake tura sitiyarin, amma motar tana jiransa. Na ga haƙoransa, Hamma. Rabon da in gan su tun kafin ciwon.

Daga nan abin ya lalace. Ya ce in buɗe murfin ya ga abin da aka canza. Na buɗe, na ce a akwati na tsinta. Ya sa na kwance faifan na ɗora masa a tafin hagu. Ya jinjina shi, ya kai shi kusa da ido, ya shafa bakin da farce. Ya ce wannan ba na kanti ba ne, sawun injin sassaƙa yana jiki, tagullar ma ko dushewa ba ta yi ba. Sannan ya tambaye ni yaushe Arzika ya dawo daga Taraba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye faifan a kan kujera, ya ce, "Har can aka kai labarin hannuna." Ya shiga ɗaki. Tun ranar in na gaishe shi yana amsawa a taƙaice, motar kuma ko kallonta ba ya yi. Na bar ta a inda zai gani, ya sa Dada ta ɗauke. Abin da ya fi ci masa rai, in ji Dada, shi ne ɗansa na fari ya zauna ya ƙera masa abin lallaɓa marar lafiya. Ya ce da a kai shi nan gara hannun ya tafi.

Malam Gaji ya shigo dubiya shekaranjiya, ya ce tabarma ta yi musu faɗi. Baffa ya ce masa yana shan magani ne mai hana cin tuwon dare, alhali ba wani magani. Likitar gashi kuma ta duba yatsun, ta girgiza kai.

Dabarata ta ƙare. Kai ka fi ni sanin inji, ni na fi ka sanin Baffa, amma wannan karon ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Raihana


Sansanin aikin hanya, bayan Serti
Tsakiyar Satumba

Raihana,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. An gyara hanya, Malam Arzika zai juya gobe da safe, don haka a gurguje nake rubutu. A gaishe da Dada, randa kuma ina sane, zan zo da wata.

Laifina ne da na ce ki ɓoye. Mutumin da yake gane ciwon mota daga ƙararta tun tana bakin titi, ban san me ya sa na zaci faifan da na sassaƙa jiya zai wuce shi ba. Na yi ta juya maganar a raina. Baffa bai taɓa karɓar komai daga hannuna ba, ko ruwan alwala ne sai dai in ajiye in kauce. Amma bai taɓa ƙin aikin da aka kawo masa ba. Ko maƙiyinsa ne ya ce zo ka ji mini ƙarar nan, zai tashi.

Don haka ga saƙo, kuma ba ƙarya ba ce, na riga na nemi hutu. Zan shiga gasar bayan kaka. Filin yashi ne irin na tsakar gidanmu, ni kuma a nan laka ce da dutse, ba inda zan gwada. Ban san nauyin da ya dace da motar ba, ko notuna shida, ko huɗu, ko biyu, ko faifan kaɗai. Lissafi na yi, ban taɓa ɗora shi a mota ba. Ina bukatar direba ya gwada kowanne, ya daɗe a kai, ya faɗa mini inda take zamewa a kwana da inda take nauyin tashi. Ke ba ki iya ba, shaidarki randa ce. Idirisu abokin karawata ne. Mutum ɗaya ya rage a gidan.

Kada ki kai masa a matsayin roƙo, kada kuma ki ambaci hannu ko likita. Ki tsaya a bakin labule ki faɗa wa Dada da ƙarfi, yadda zai ji, cewa mutumin can ya rasa mai gwada masa mota, yana tsoron Idirisu ya kunyata shi a gaban jama'a. Ki ƙara da cewa na ce in ba a samu kowa ba a kai wa Idirisun ya gwada. Daga nan ki tafi ɗinkinki.

In ya karɓa, duk abin da ya faɗa ki rubuto mini yadda ya faɗe shi, ko zagi ne. Da shi zan yi aiki.

Ina tsoro, Raihana. In wannan bai yi ba, ban da wata.

Ubaidullahi


Limawa, Dutse
Ƙarshen Oktoba

Hamma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ana ta girbi, Kawu ya aiko da sabon gero daga Kiyawa. Dada ta ce randar da za ka kawo ta zama mai faɗin baki. Na san ka ƙagu, Malam Arzika ne ya yi jinyar ƙafa, ban samu mai zuwa ba sai yanzu.

Na yi yadda ka ce. Na tsaya a bakin labule na yi ta zuba, Dada tana taya ni da "ayya" kamar gaske. Da na kai wajen a kai wa Idirisu, sai muka ji tari daga ciki. Washegari da hantsi na tarar da shi a kujerar tsakar gida, ya sa an jera gwangwanaye da turmi da tsohuwar taya, ya zana hanya a ƙasa da sandarsa. Ya ce wa Dada, ba ni ba, a gaya wa masu mota cewa ba a ba abokin gaba mota gwaji, ko a tasha ba a yin haka.

Ga rahotonka, yadda ya faɗa. Da notuna shida, ya ce motar ta zama tirela, ta dace da mai koyo, amma a gasa kafin ta tashi an kai kwanar farko. Ya daɗe a kansu duk da haka, ya ce direban kirki ba ya yanke wa mota hukunci a tafiya ɗaya. Ni dai na san dalilin daɗewar. Kullum sai batir biyu sun ƙare, ina taɓa inji ina cewa a huta, yana cewa in bari. Da yamma Dada tana gasa masa hannun da ruwan ɗumi, yanzu ba ya hanawa, wai hannun aiki ne.

Da muka koma huɗu, ta fi shi sauri kwanakin farko, ta kwashe gwangwanayen duka. Na ce ko a mayar da biyun, ya harare ni. Yanzu yana zagaye hanyar ba ya taɓa ko ɗaya. Ya ce huɗu ne daidai in yashin yana da zurfi, amma tayar baya ta hagu ta fi ta dama cinyewa, shi ya sa take jan gefe, a gaya wa mai ita ya duba kafin ya ɗora wa filawil laifi. Ya kuma ce wanda ya sassaƙa faifan hannunsa bai yi rawa ba. Wannan ga bango ya faɗa, amma na ji, na kuma rubuto. Biyu ba mu gwada ba tukuna. Jiya shi ya riƙe alankin da kansa, da dama, ya kasa kwance notin, ya ce gobe.

Kada ka zaci hannun ya dawo yadda yake. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, likita ta ce da wuya su miƙe. Watannin da motar ta yi a kulle sun ci nasu. Ukun dai suna haɗuwa.

Ranar Juma'a bayan magariba Dada ta kai masa tuwo ɗaki kamar kullum. Sai ga shi ya fito, sanda a hagu, ya ce mini in ɗauko kwanon in biyo shi. Na bi shi har zaure. Su Malam Gaji suna kan tabarma, suka ɗaga kai, suka matsa duk da gurbin a buɗe yake. Na ajiye kwanon na koma bayan ƙofa na laɓe, ban ji kunyar leƙe ba.

Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya gutsuro. Lomar farko ta faɗi a tabarma. Ta biyu ta kai baki, miyar kuka ta zubo masa a gaban riga. Malam Gaji ya juya ya shiga ba maƙwabcinmu Malam Abdurrahim labarin farashin taki, da ƙarfi, kamar ba a taɓa yin taki a duniya ba. Baffa ya dubi rigar, na ce shi ke nan, yanzu zai tashi. Sai ya sake miƙa hannu cikin kwanon.

Ya cinye, Hamma. Da ya shigo ya tuɓe rigar ya miƙa mini, ya ce a wanke, gobe kuma a ƙara tuwon, na yau bai ishe shi ba.

Ƙanwarka,
Raihana